Sabon katirij, ɗan kwaikwayo ko ɗurin hoda: wanne ya fi fitar da mai firintar leza?

Duk wanda ke riƙe da shagon buga takardu, ko yake kula da firintar ofis ko ta makaranta, ya san cewa kuɗin sayen injin sau ɗaya ake biyansa, amma kuɗin katirij yana dawowa muddin injin yana aiki. Ƙaramar firinta irin HP LaserJet P1102 tana zuwa daga kamfani da katirij na somin-taɓi wanda aka ƙiyasta masa kimanin shafi 700, kuma cikakken katirij ɗinta, wato 85A, shafi 1,600 aka rubuta masa, abin da bai wuce rim uku na takarda da ɗan ɗoriya ba. A shagon da ke bakin wata jami'a, lokacin da ɗalibai ke buga kundin kammala karatu, wannan adadin yana iya ƙarewa cikin kwana biyu. Idan rubutu ya fara disashewa, mai firinta yana da hanyoyi huɗu a gabansa: ya sayi sabon katirij na ainihin kamfanin, ya sayi ɗan kwaikwayo da wasu masana'antu ke ƙerawa, ya kai tsohon a ɗura masa hoda, wato baƙin garin da ke zama rubutu a takarda, ko ya sa a sake gina tsohon ta hanyar sauya kayan cikinsa. Kowace hanya tana da wanda ta dace da shi, kuma ba za a gane hakan ba sai an san abin da ke mutuwa a cikin katirij.

Mutane da yawa sun ɗauka katirij gwangwani ne kawai na zuba hoda, alhali a yawancin ƙananan firintocin HP da Canon rabin injin ɗab'in yana cikinsa. A ciki akwai diram, wato sandar nan mai launin kore ko shuɗi wadda aka shafe da sinadari mai jin haske. Wata rola ta roba tana caja jikin diram ɗin da lantarki, sai hasken leza ya zana rubutun a kansa ta hanyar kashe cajin a wuraren da ake son baƙi. Daga nan wata rola mai maganaɗisu ta ɗebo hoda daga rumbunta, wani siririn biled, wato falle mai baki kamar na reza, ya daidaita kaurin hodar, ta manne a wuraren da hasken ya taɓa, sannan ta koma jikin takarda. Hita da ke cikin firintar, wadda zafinta ke kaiwa kusan digiri 200 a ma'aunin Salshiyas, ita ce ke narkar da hodar ta kama takarda. Ragowar hodar da ta maƙale a diram kuwa, wani biled na biyu ne ke kankare ta ya zuba ta cikin wani ɗan rumbun shara. Abin lura a nan shi ne hoda ce kaɗai ke ƙarewa a zagayen farko. Diram da biled da rola galibi suna da sauran rai, sai dai ransu ma yana da iyaka, kuma duk muhawarar ɗuri da sake gini a kan wannan sauran ran take.

Adadin shafukan da ake bugawa a jikin kwali shi ma yana buƙatar bayani, domin yana jawo zargi tsakanin mai saye da mai sayarwa ba gaira ba dalili. Ana auna shi ne da ƙa'idar ISO/IEC 19752, wadda ke amfani da shafin gwaji da hoda ke rufe kimanin kashi 5 cikin 100 na takardar, kwatankwacin gajeriyar wasiƙar ofis. Wanda ke buga takardar shaida mai kauri a gefe, ko fom mai hoto da baƙin tambari, ko littafin da aka ɗauka da sikana har gefensa ya yi duhu, yana iya rufe kashi 20 na shafin, kuma a lissafi katirij mai shafi 1,600 zai ba shi kusan 400 ne kawai. Ba lallai ne an cuce shi ba. Aikinsa ne mai cin hoda.

Katirij na asali shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Baƙinsa yana tsayawa iri ɗaya daga shafin farko har kusan na ƙarshe, ba ya zubar da hoda cikin injin, kuma idan firintar tana da garanti babu wata gardama da za ta taso a kansa. Aibinsa tsada, kuma tun da darajar naira ta faɗi tsadar ta ƙara fitowa fili, tunda duk daga waje ake shigo da shi. Amma akwai wata dabara a cikin na asalin kansa da masu saye kan tsallake, wato babban katirij mai harafin X. Firintar P2055 tana karɓar 05A mai shafi 2,300, tana kuma karɓar 05X mai shafi 6,500. M402 tana karɓar 26A mai 3,100 da 26X mai 9,000, M404 kuma 59A mai 3,000 da 59X mai 10,000. Ma'ana, muddin farashin mai X bai kai ninki uku na mai A ba, ko dai ya yi kunnen doki da shi ko ya fi shi sauƙi a kowane shafi, kuma yawanci tazarar farashinsu ba ta kai haka. Sai dai a duba littafin firinta kafin a saya, domin P2035, wadda ta yi kama da P2055 kamar an tsaga kara, 05A kaɗai take ɗauka.

Babban haɗarin mai neman na asali a kasuwanninmu shi ne jabu. Ana samun katirij da aka ɗura wa hoda, ko ɗan kwaikwayo mai arha, a sa shi cikin kwali mai tambarin kamfani a sayar da shi kusa da farashin na gaske. Wannan ya fi kowace hanya asara, domin mutum ya biya kuɗin na ƙwarai ya tafi da na banza. Kwalayen HP suna ɗauke da lambar tsaro mai walƙiya wadda hotonta ke motsi idan an karkata kwalin, tare da lambar QR da ake dubawa da waya. Farashin da ya yi ƙasa da na sauran shaguna nesa ba kusa ba shi ma alama ce, tunda babu ɗan kasuwar da zai sayar da kaya ƙasa da yadda ya saro shi.

Ɗan kwaikwayo na halal daban yake da jabu, domin ba ya da'awar shi na HP ko Canon ne. Yana zuwa da sunan masana'antarsa, yawanci daga ƙasar Sin, kuma sabo ne fil daga kwanso har diram. Farashinsa wani ɗan kaso ne na farashin na asali, shi ya sa ya mamaye shagunan buga takardu. Matsalarsa rashin tabbas. Wani zai yi aiki lafiya har ƙarshe, wani kuma daga kwali zai fito da toka-toka a bayan rubutu, ko ya fara yoyon hoda bayan rim ɗaya, kuma sau da yawa sunan da ke jikin kwalin ba ya nuna masana'antar da ta ƙera shi a wannan karon. Shawarata ga mai sayen irin wannan ita ce ya riƙe mai sayarwa ɗaya da ke karɓar kaya idan ya ba da matsala, ya kuma buga shafin gwaji a ranar da ya saya, kada ya ajiye shi wata uku sannan ya gano ba shi da kyau. Haka kuma kwanson ɗan kwaikwayo ba ya jure ɗuri kamar na asali, domin robarsa da soson da ke toshe gefunan rumbun hoda sun fi rauni, don haka arhar da aka samu wajen saye wani ɓangarenta yana zubewa a zagaye na biyu.

A nan ne maganar cif take shigowa, wato ɗan guntun allon lantarkin da ke manne a jikin katirij. Tsohon 12A, wanda LaserJet 1018 da 1020 da M1005 ke amfani da shi, ba shi da cif kwata-kwata, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa masu shaguna ke riƙe da waɗannan tsofaffin injina har yau. A kan 85A akwai cif, amma aikinsa ƙidaya ne. Idan ya ce hoda ta ƙare firintar tana ci gaba da bugu. Sababbin samfura irin M404 kuwa sun zo da tsarin da HP ke kira Dynamic Security, wanda ke iya ƙin karɓar katirij mai cif ɗin wani kamfani, musamman bayan an sabunta manhajar injin ta intanet. Wanda ya yi niyyar dogara da ɗan kwaikwayo ko ɗuri ya kamata ya binciki wannan tun kafin ya sayi firintar, domin bayan an saya zaɓinsa ya riga ya ƙuntata.

Ɗurin hoda shi ne hanyar da ta fi kowace arha a shafi, kuma ita ce ta fi dogara da hannun wanda ya yi aikin. Ɗuri na ƙwarai yana farawa da kwance katirij gida biyu, a zubar da sharar da ta taru a rumbun baya, a fitar da ragowar tsohuwar hoda, a goge rolar caji da ta maganaɗisu, a duba bakin biled, sannan a zuba sabuwar hoda gwargwadon abin da rumbun ke ɗauka, wanda a 85A bai kai giram 100 ba. Ɗurin gaggawa kuwa, wanda ake yi cikin minti biyar mai kaya na tsaye, buɗe murfi ne kawai a zazzaga hoda a rufe. Rumbun shara an ƙera shi ne don zagaye ɗaya, saboda haka idan ba a zubar ba, a ɗuri na farko ko na biyu zai cika ya fara amayar da hoda a kan takarda, ta sauka kan rolar da ke ƙarƙashin diram, ta kai har hita. Na taɓa karɓar katirij daga hannun wani mai ɗuri, kafin rim ɗaya ya ƙare baƙin layi ya fito daga saman shafi har ƙasa, da aka buɗe sai aka tarar rumbun sharar maƙil yake, ba a ko taɓa shi ba. Kuɗin gyaran hitar da hodar ta ɓata ya fi abin da na yi tattali a ɗuri da yawa.

Nau'in hodar ma abin tambaya ne, domin ba duka baƙar hoda ce ɗaya ba. Hodar tsofaffin firintocin HP da Canon masu baƙi zalla tana ɗauke da garin ƙarfe don rolar maganaɗisu ta iya ɗaukar ta, ta Brother kuwa ba ta da shi, kuma cajin lantarkinta ma kishiyar na HP ne. Kowace hoda tana da zafin da take narkewa a kai, wanda aka daidaita da saurin injin. Idan aka zuba wadda ba ta dace ba, ko aka gauraya sabuwa da tsohuwa ta wani kamfani, sakamakon shi ne rubutu mai haske, ko toka a bayan shafi, ko baƙin da ke gogewa idan an shafa shi da yatsa. Mai ɗurin da ke da buhu ɗaya yana zuba wa kowace firinta daga ciki, gara a nemi wani.

Sau nawa za a ɗura wa katirij ɗaya? A abin da na gani, kwanso na asali yana ɗaukar ɗuri biyu zuwa uku kafin diram ya fara gajiya, ɗan kwaikwayo kuma sau da yawa bai kai haka ba. Takardar da ke fitowa ita ce ke faɗin gaskiya. Ɗigo ko tabo da ke maimaituwa a tsawon shafi bayan kowane santimita bakwai da rabi, a ƙananan katirij irin 12A da 85A, rauni ne a jikin diram, domin wannan shi ne tsawon zagayensa. Siririn baƙin layi a tsaye yana nuna biled ɗin kankara ya ci ko diram ya karce. Duhu a gefen takarda yana nuna fatar diram ta saluɓe daga bakin. Fari a tsaye a tsakiyar rubutu kuwa yawanci hoda ce ta yi ƙasa ko wani abu ya toshe bakin biled ɗin da ke daidaita ta. Duk wanda ya ƙara hoda a katirij mai ɗaya daga alamomi ukun farko, ya zuba kuɗinsa ne a tulu mai huji.

Sake gini shi ne amsar waɗannan alamomi. Ana sauya diram, kuma ya kamata a sauya biled ɗin kankara tare da shi, domin tsohon biled da bakinsa ya ci yana karce sabon diram cikin 'yan kwanaki. Idan rolar caji ta tsattsage ita ma a sauya ta. Kuɗin wannan ya fi na ɗuri zalla, amma bai kai na sabon katirij na asali ba, kuma kwanso mai kyau yana iya zagayawa haka sau da dama kafin soson gefe da haƙoran giyarsa su gaji. Idan kuɗin diram da biled da hoda da ladan aiki ya kusa kai farashin sabon ɗan kwaikwayo mai kyau, to lissafin ya koma kan kwanson: na asali ya cancanci a gina shi, ɗan kwaikwayon da ya riga ya fara yoyo bai cancanta ba.

Ko wace hanya aka bi, yadda ake sarrafa firintar yana ƙara wa katirij kwana ko ya rage masa. Idan rubutu ya fara haske, a ciro katirij a karkata shi dama da hagu a hankali sau biyar ko shida don hodar da ta taru a gefe ta bazu, wannan kan ba da ƙarin shafuka masu yawa kafin ta ƙare da gaske. Jijjiga shi da ƙarfi kuwa zubar da hoda yake yi. Tsarin tattalin hoda da HP ke kira EconoMode ya dace da daftari da takardun cikin gida, sai dai kamfanin da kansa ya yi gargaɗin kada a bar shi a kunne kullum, domin kayan cikin katirij suna iya lalacewa hoda ba ta ƙare ba. A firintocin HP da yawa ana iya sauke kaurin baƙi daga 3 zuwa 2 a ma'aunin da ke tsakanin 1 da 5, kuma a rubutu zalla da wuya mai karatu ya ga bambanci. Tara aiki a buga shi gaba ɗaya ya fi buga shafi ɗaya-ɗaya, saboda diram yana juyawa kafin kowane aiki da bayansa ko da babu takarda a ƙarƙashinsa. Salon haruffa ma yana da tasiri: a 2010 Jami'ar Wisconsin da ke Green Bay a Amurka ta sauya daga Arial zuwa Century Gothic don rage cin tawada, ko da yake haruffan nan suna da faɗi, suna iya ƙara yawan shafuka. Mai buga Hausa ya fara tabbatar da cewa salon da ya zaɓa yana da ɓ da ɗ da ƙ, don kada ya buga littafi guda ya tarar da akwatuna a gurbinsu.

Yanayinmu yana da nasa hukuncin. Ƙurar hunturu tana shiga injin ta zauna a kan gilashin da hasken leza ke bi, sai rubutu ya yi fari-fari a ɗauka hoda ce ta ƙare, kuma tsakuwar da ke cikinta tana karce diram. Rufe firinta da mayafi bayan an tashi aiki, da barin takarda cikin ledarta, suna maganin yawancin wannan. Da damina takarda tana shan danshi, hoda ba ta kama ta sosai, shi ya sa ya kyautu a gwada sabon rim kafin a zargi katirij. Zafin bazara yana dunƙule hoda idan aka bar katirij cikin mota a rana ko kusa da janareta. Diram kuma ba ya son haske, 'yan mintuna a hasken rana sun isa su bar masa tabo, don haka idan an ciro shi a lulluɓe shi da takarda ko a mayar da shi baƙar ledarsa. Ƙarancin wuta ma yana ɓata aiki, domin hita tana jan lantarki mai yawa lokacin da take ɗumama, kuma idan ƙaramin janareta ko raunanniyar wuta ba su ishe ta ba, injin zai tsaya a tsakiyar bugu ko hodar ta ƙi kamawa, a sake buga abin da aka riga aka buga. Hodar da ta zuba a tufafi a kakkaɓe ta a wanke da ruwan sanyi, domin ruwan zafi narkar da ita yake yi ta zauna, kuma mai ɗuri ya rufe hancinsa da takunkumi, tunda hodar ta fi garin fulawa laushi nesa ba kusa ba.

Wanda bai riga ya sayi firinta ba yana da wata dama, wato ya zaɓi injin da aka raba hoda da diram. Brother ta daɗe a kan wannan tsari, HP M102 da M130 ma haka suke, inda hodar 17A ke ba da shafi 1,600 diram 19A kuma kimanin 12,000, don haka ba a zubar da diram mai rai saboda hoda ta ƙare. Kyocera tana sa diram mai dogon rai a jerin ECOSYS, hoda kaɗai ake saye na tsawon lokaci. HP Neverstop kuwa rumbu gare ta, ana ɗura mata hodar kamfani da wani abu mai kama da sirinji, kowane ɗaya na shafi 2,500. Kafin a sayi ɗaya daga cikinsu a zagaya kasuwar garin a ga ko ana samun hodarsa da mai gyaransa, domin 12A da 85A da 05A ko'ina akwai kayansu, waɗannan kuwa ba kowane gari ba.

Idan aka zo ga zaɓi, ofishin lauya ko asibiti ko sashen jarrabawa, inda takarda za ta daɗe a ajiye kuma bugun wata bai wuce rim ɗaya ko biyu ba, na asali ne ya dace da su, mai X idan injin yana karɓa, domin abin da za su tattala a ɗuri kaɗan ne idan aka gwada da takardar shaida da baƙinta ya goge. Gida ko ƙaramin ofis mai buga wasiƙu jefi-jefi zai iya zama da ɗan kwaikwayo daga amintaccen shago. Shagon buga takardu da makaranta mai buga tambayoyin jarrabawa da yawa kuwa, hanyar da na fi amincewa da ita ita ce su mallaki kwanso na asali guda biyu ga kowace firinta, ɗaya yana aiki ɗaya yana wurin ɗuri, a ɗura sau biyu ko uku tare da zubar da shara kowane karo, sannan a sauya diram da biled tare. Don sanin ko tsarin yana fitar da su, galibi firinta tana buga shafin bayani da ke nuna jimillar shafukan da ta taɓa bugawa. A rubuta wannan lamba a littafi ranar da aka sa katirij da ranar da aka cire shi, a raba kuɗin da aka kashe da bambancin lambobin biyu, a kuma haɗa da kuɗin takardun da suka lalace da na gyaran injin idan hoda ce ta jawo shi.